Daga Karfi Zuwa Basam: Matafiyi Ne Ko Mazauni?



Mu mutanen Karfi da kewayenta, daga Malumfashi har Funtuwa, ba baƙin tafiya ba ne. Tun kaka da kakanni, da an karya masara, an yanke dawa, an kai auduga kasuwa, samari sukan ɗaure ƙunshinsu su tafi cin rani, wasu Kano, wasu Kaduna ko Ikko, da hadari ya fara haɗowa a gabas kuma sai a gan su sun dawo sun kama garma. Wannan tafiya ce mai ranar komowa. Amma a 'yan shekarun nan wata irin tafiya ta fara yawaita, wadda mai yin ta yakan sayar da shanun huɗa, ko ya jinginar da gona, ya ƙetare iyakar ƙasa, ya yi zamansa a garuruwan bakin teku inda masu hali suke zuwa shaƙatawa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsadar taki, da faɗuwar darajar naira tun 2023, da ta'adin 'yan bindiga wanda ya hana mutane da yawa noma gonakin nesa. Har ma'aikatan gwamnati da suke dab da ajiye aiki na ji suna shawarar sayen fili a can. Allah ya nufe ni da ziyarar wasu 'yan'uwa a ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa, watau Garan Basam ta ƙasar Kodebuwa, saboda haka na ga ya dace in bayyana wa mai niyya abin da zai tarar, da abin da zai hau kansa idan ya zauna.

Mai nufin Basam a mota sai ya fara gangarawa Ikko, tafiyar da ta haura kilomita 800. Daga nan hanya ta bi gaɓar teku ta yi yamma kimanin kilomita 1,000, ta ratsa Kwatano da Lome da Akra, a tsallake iyakoki 4, na ƙarshensu shi ne na Elubo, tsakanin Gana da Kodebuwa. Saura kamar kilomita 40 a shiga Abijan sai a iske Basam. Agogonsu yana bayan namu da awa guda, kuɗinsu sefa ne, harshen ofis Faransanci, na kasuwa kuwa Julanci.

Garin kashi biyu ne. Tsohon gari yana kan wani siririn tudun rairayi, teku a kudunsa, tafki a arewansa, kusa da inda kogin Komowe yake gangarowa. A nan Faransawa suka kafa hedkwatar mulkinsu ta farko a 1893, amma ba su daɗe ba annobar shawara ta kashe da yawa daga cikinsu, suka kwashe suka koma Bingerville, daga baya Abijan. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, jiragen ruwa suka sami hanyar shiga Abijan kai tsaye, sai cinikin Basam ya mutu murus. Gidan gwamna yanzu ya zama gidan ajiye tufafin gargajiya, wasu manyan benaye na kamfanonin Turawa kuwa itatuwa sun tsiro a cikin ɗakunansu, saiwa ta tsaga bango. Na daɗe tsaye ina kallonsu, domin masu su ma baƙi ne da suka zo neman dukiya a bakin wannan ruwa, kuma ba su gina su da nufin bari ba. Akwai gada da ta haɗa tsohon gari da sabo, wadda ake kira Gadar Nasara, don tunawa da matan da suka tako daga Abijan a Disamban 1949 suna neman a saki mazajensu 'yan siyasa da Faransawa suka tsare a kurkukun garin. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ƙetaren gada kuwa nan kasuwa take, da tashar mota, da masallatai, nan ne kuma talakawa da baƙi irin namu suke haya.

Mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne madatsar Mairuwa ta Funtuwa, ranar da ya fara tsayawa gaban teku bakinsa yakan mutu. Ruwan Basam ba na wasa ba ne, igiyarsa tana da ƙarfi, tana janye mutum daga inda ruwa bai wuce masa gwiwa ba, kuma takan ci masu wanka. Iskarsa mai gishiri ce, tana cin ƙarfe, keken ɗinki da kwanon rufi ba su daɗewa sai tsatsa. Kayan fata da aka saro daga Kano, idan aka bar su a rufe mako biyu, sai fumfuna ta rufe su. Damina biyu suke yi, babba daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba da Nuwamba, a Oktoban 2019 ma ruwa ya malale unguwanni da dama na garin. Sauro kuwa ba ya tafiya hutu kamar yadda yake yi mana da hunturu. Mai salla a bakin gaɓa, idan ya fuskanci gabas ya ɗan karkata arewa, teku za ta kasance a damansa. Ruwanta mai tsarki ne mai tsarkakewa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk dabbar ruwa halal ce ba sai an yanka ba, har kaguwa da jatan lande, ko da yake na lura cikin mutanenmu bai karanta wannan babi ba.

Daga Litinin zuwa Alhamis garin shiru yake kamar an yi shara. Asabar da Lahadi kuwa sai mutanen Abijan su kwararo, musamman tun da aka buɗe sabuwar babbar hanya a 2015, otal-otal da rumfunan cin abinci su cika, kiɗa ya tashi, giya ta yi yawa, tufafi su yi ƙaranci. To, cinikin baƙo na mako duka a waɗannan kwana biyu ya rataya. Wannan shi ne bambancin garin shaƙatawa da zangon da kakanninmu fatake suka sani a hanyar Gwanja. A zango mai gida yake karɓar baƙo, ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, liman da sarkin zango suna sane da shi. A nan kuwa abincin mutum yana fitowa ne daga nishaɗin waɗansu, a lokacin da suka zo don su ajiye kunyar da suke ji a gidajensu.

Hausawan da na tarar akasarinsu mutanen Nijar ne, na Tawa da Maraɗi da Dogon Dutsi, 'yan Nijeriya tsiraru ne a cikinsu. Suna sayar da tsire da shayi da takalma da kayan koli, wasu kuma suna da rumfuna a bakin hanya inda ake sayar wa masu yawon buɗe ido jakunkuna da duwatsun wuya da sassaƙe-sassaƙe. Abin da zai ba mai karatu dariya, shahararren abincin talakan ƙasar sunansa garba. Garin rogo ne da aka turara, wanda suke kira aceke, da soyayyen kifin teku da barkono da albasa. Da yawa suna cewa ya samo sunan ne daga Hausawan Nijar da suka shahara da sayar da shi, wasu kuma suna danganta shi da wani tsohon minista mai suna Dicoh Garba. Ko wanne ne gaskiya, har yau idan ka leƙa rumfar garba sau da yawa da Hausa za a amsa maka sallama.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowane ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa matafiyin da ya nufi tafiyar mil 48, watau kimanin kilomita 80, yana yin ƙasaru, ya mai da salla mai raka'a huɗu biyu. Ya san kuma cewa da zarar ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri, ko abin da zai kai salla 20, sunan matafiyi ya faɗi daga kansa, sai ya cika. An yi rangwame ga wanda wata bukata ta tsare shi, kullum yana cewa gobe zan tashi, amma wanda ya biya kuɗin hayar shekara ba ya cikin wannan rangwame. Alhamdu lillahi, ban ga wanda yake ƙasarun salla a Basam ba bayan ya zauna. Abin da na gani shi ne mutane suna cika salla, amma sauran al'amuransu duka ƙasaru suke yi musu. Mutum ya shekara 9 a gari, bai iya gaisuwa da Faransanci ba, ba shi da takarda ko ɗaya, bai san sunan mai unguwarsa ba, matarsa tana ƙauye tana jira, idan ka tambaye shi sai ya ce ai shi baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, bana zai tattara ya koma. Bana ɗin nan ita ce ba ta zuwa. Can bai ɗauki nauyin mazauni ba, nan kuma bai sauke nauyin mai gida ba.

Wani zai ce, shin zaman ma ya halatta? Malamai sun yi magana mai tsanani a kan zama ƙarƙashin hukuncin waɗanda ba Musulmi ba. Wansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, ya wajabta wa Musulmin Andalus ƙaura bayan ƙasarsu ta faɗa hannun Kirista, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya wallafa littafi a kan wajabcin hijira a 1806. Amma illar da hukuncin yake kewayawa a kanta ita ce kasa bayyana addini da tsoron fitina a kansa. Sahabbai sun ƙetare Bahar Maliya zuwa Habasha da umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka zauna lafiya ƙarƙashin sarki Kirista mai adalci. Kodebuwa kuwa, bisa ƙidayar 2021, Musulmi sun kai kimanin kashi 42 cikin ɗari na mutanenta, ana kiran salla a fili, ranakun idi ranakun hutu ne, akwai majalisar limamai mai suna COSIM da take sanar da ganin wata. Julawan ƙasar, dangin Wangarawan nan ne da suka zo Kano zamanin Sarki Yaji, sun shekara ɗaruruwa suna bin koyarwar Alhaji Salim Suwari, wadda ta ginu a kan zaman lafiya da maƙwabci wanda ba Musulmi ba, da riƙon ilmi don kada addini ya narke. Wani abin lura kuma, Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda ya rasu a Ƙairawan a 996, ya lissafa fatauci zuwa ƙasar Sudan, watau ƙasashenmu na baƙar fata, cikin abubuwan da aka karhanta, domin a zamaninsa mu ne bakin tekun da ake jiye wa ɗan kasuwa tsoro. Fataken da suka zo duk da haka, suka zauna, suka yi aure, suka buɗe makarantu, su ne sanadin Musuluncinmu. Da sun yi zaman raɓa, da ba mu ga komai ba.

Wanda ya shiga ƙasar mutane da izninsu ya shiga da amana, jininsu da dukiyarsu haramun ne a kansa. Ran Lahadi 13 ga Maris 2016 wasu 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu hutawa a bakin ruwan Basam, suka kashe mutum 19, ƙungiyar Alƙa'ida reshen Magrib ta ce ita ta aiko su. Wannan ta'addanci ne da babu wata mazhaba da ta yarda da shi, kuma 'yan'uwanmu na can sun shaida mini cewa bayansa kasuwa ta daɗe a mace, mai rawani da doguwar riga ya zama abin kallo da gefen ido. Waɗanda suka fi samun sauƙi a lokacin su ne waɗanda maƙwabtansu suka san su da suna, suka san 'ya'yansu.

Game da sana'a, tambayar da aka fi yi mini ita ce ta sassaƙe. A Malikiyya abin da aka haramta shi ne siffar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika. Wadda aka rage mata abin da ba a rayuwa sai da shi, kamar fuska kaɗai, hukuncinta ya fi sauƙi, sai fa idan abin bauta ne za a sayar wa mai bauta masa. Masu rumfuna sukan ce ai su itace kawai suke sayarwa. Na ji, amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Sau da yawa sassaƙen jiya ne, sai a shafa masa ƙasa da mai, a rataye shi a hayaƙi, sa'an nan a rantse wa Bature cewa daga wani tsohon gidan sarauta aka fito da shi. Wannan algus ne, kuma babu saɓani a kan haramcinsa, jahilcin mai saye ko bambancin addininsa ba su halatta shi. Mai jakar fata da tabarma da zanen rini, wanda ya faɗi gaskiyar kayansa, ribarsa kaɗan ce amma ya huta. Aikin otal kuma, gadi da wanki da gyaran lantarki babu laifi, ɗaukar giya zuwa tebur kuwa ba shi da mafita.

Sai batun takardu, inda 'yan'uwa ma'aikata za su fi gane ni. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya yi kwana 90. Abin da ya wuce haka zama ne, yana da ƙa'idojinsa, kuma ƙa'idojin sukan sauya da sauyin gwamnati. Kodebuwa ta ɗora wa baƙi katin zama a farkon shekarun 1990, ta soke shi ga 'yan ECOWAS a 2007. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun 2025, abin da ya jefa Hausawan Nijar na can cikin zullumi. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane suka bar gidaje da shaguna, mu ma kuma muka yi wa waɗansu irinta a 1983. Kodebuwa kanta ta sha yaƙi a 2002, da rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 wanda ya ci rayuka kimanin 3,000, baƙi suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Don haka mai zama ya riƙe fasfo mai rai, ya yi rajista a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Abijan. Mai son sayen fili ya sani dokar 1998 ta keɓe mallakar ƙasar noma ta karkara ga 'yan ƙasa. Filin cikin gari baƙo yana iya saye, amma takardar da hukuma ta sani ita ce wadda ake kira ACD. Takardar hannu da wani mai unguwa ya sa wa hannu ba ta hana a sayar wa mutum uku fili ɗaya. Kada mutum ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara 35 a kan rairayin da bai ga takardarsa ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne 'ya'ya. Tun gyaran dokar 1972, haihuwa a Kodebuwa ba ta mai da ɗan baƙi ɗan ƙasa, sai ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance ɗan ƙasar. Yaron da aka haifa a Basam, uban bai yi masa takardar haihuwa a can ba, bai kuma yi masa ta Nijeriya ba, zai girma ba shi da ƙasa ko ɗaya a rubuce. Ba zai zauna jarrabawa ba, ba zai sami fasfon zuwa Hajji ba. Na ga samari irin waɗannan, sunayensu namu, kamanninsu namu, Hausarsu ta tsaya a gaisuwa, ba su taɓa ganin Karfi ba, can kuma ana kiransu baƙi.

Matar da aka bari a gida ita ma shari'a ba ta manta da ita ba. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana suna kan miji duk inda yake, kuma aiko da kuɗi ta waya bai sauke sauran haƙƙin ba. A Malikiyya, idan rashin miji ya yi tsawo har ya cuce ta, tana da ikon kai ƙara, alƙali ya aika masa da zaɓi: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata, idan ya ƙi alƙali ya raba. Wanda labarinsa ya yanke ɗungum kuwa, ana yanka mata shekara 4 bayan bincike, sa'an nan ta yi takaba. Alƙalan yankinmu sun san yawan irin waɗannan ƙararraki. Ra'ayina shi ne, wanda ya ga zamansa zai wuce shekara, ya nemi ɗaki a ƙetaren gada, nesa da hayaniyar gaɓa, kusa da masallaci, ya kawo iyalinsa. Idan samunsa bai kai ga haka ba, to, ya san cin rani yake yi, ya riƙa dawowa da damina kamar yadda iyayensa suka yi.

Zakka ma tana bin wurin da dukiya take. Asali a raba ta ga mabukatan garin, ba a ɗauke ta zuwa nisan ƙasaru sai idan na can sun fi bukata, kuma a halin da ƙauyukanmu suke ciki yau wannan ƙofa a buɗe take. Amma kada a manta da almajiri da gajiyayye na Basam, ko Bajule ne ko Bahaushe. Haka kuma idan ajali ya zo, sunna ita ce a gaggauta binnewa a inda aka rasu, ba a tara bashi don ɗauko gawa ta ƙetare iyakoki 4 ba.

A nan zan yaba wa wasu 'yan tsiraru da na tarar sun fahimci wannan. Suna da asusu da kowa yake zuba wani abu ran Juma'a, daga ciki ake sayen likkafani, a kai marar lafiya asibiti, a biya wa wanda ya karye kuɗin mota zuwa gida. 'Ya'yansu suna zuwa makarantar gwamnati da safe, da yamma kuma suna karatun allo a wajen wani malami Bajule, wanda yake fassara musu da Julanci. Iyayen suna son a sami wanda zai karantar da su Ahalari da Ishmawi da Hausa, don kada harshen ya ɓace tare da su. Sun yi alkawarin ɗaki biyu da abinci da ɗan abin sabulu duk wata, suka ɗora mini nauyin nemo musu malami daga gida, da sharaɗi guda, ya zama mai aure wanda zai tafi da iyalinsa. Na yi magana da mutum uku a Karfi da Malumfashi. Biyu sun ce sai dai su je su kaɗai su gani tukuna, na ukun yana shawara da mahaifiyarsa.